Kaset ɗin da na kai Jugu

Tun da na dawo daga ƙasar Benin ban huta da tambaya ba. A wurin aiki, a gidan suna, har a bakin kasuwa sai an tare ni: "Yaya Paraku? Da gaske doya suke ci safe da yamma? Ina tsarabarmu?" Nakan ba da labarin doya da na 'yan babur, a yi dariya, kowa ya kama gabansa. To, na gaji da ba da rabin labari. Ga shi nan duka, har da inda na raba wata baiwar Allah da gefen gadon mijinta, wanda shi ne ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Shekara goma sha huɗu ina aikin jinya a ɗakin waɗanda aka yi wa fiɗa a Maraɗi kafin a tura ni Yamai ƙarin karatu. A ƙarshen karatun kowa sai ya yi bincike ya rubuta kundi. Ni na zaɓi in ji daga bakin mutum uku: wanda aka yi wa aiki, da miji ko matar da ke zaman jinyarsa, da ma'aikacin da ke wanke masa ciwo. Mun iya auna zafin jiki mu rubuta, amma matar da ke kwana a tabarma gefen gado ba mu taɓa tambayarta abin da ke ranta ba. Malamarmu ta yaba, ta ce tana da tsohuwar abokiyar karatu a wani asibiti a Paraku, in je in yi wata guda, in ƙarasa Jugu wurin waɗanda aka sallama. Ta ba ni rikoda da kaset goma, da wata ƙa'ida da ta maimaita har ta gundure ni: abin da mutum ya faɗa a kaset amana ce, kunnena kaɗai zai ji. Na ce a raina, ni da na ga tsiraicin rabin Maraɗi ban taɓa buɗe baki ba, ni za a koya wa riƙon asiri?

Daga Yamai muka bi ta Doso zuwa Gaya, mu tara a cikin fijo. Direba ya ce jakata ta yi girma, ya ɗaure ta a sama, ya ɗora mata buhun albasa. Na yi masa magana, ya ce, "Hajiya, albasa ba ta cizo." Na riƙe rikodar a cinya kamar jaririya, na manta kasusuwan suna can sama rana tana gasa su.

Da muka haye gadar Kwara muka shiga Malanbil, sai na tarar kowa sunansa kamarad. Zamanin juyin juya hali ne a can, don haka har ni da ban juya komai ba na zama kamarad. Wani jami'i mai ƙaton gashin baki ya juya rikodar sama da ƙasa, ya tambaye ni ko 'yar jarida ce ni. Na nuna masa takardun makaranta. Ya karanta, ya yi gyaran murya, ya ce dole a gwada a ga ko tana aiki. Ashe muryarsa yake so ya ji. Ya yi jawabi mai tsawo da Faransanci, na mayar masa, ya saurara ido a lumshe, ya kira abokan aikinsa su ma suka ji. Sai da muka yi haka sau uku ya buga mini hatimi, fasinjoji kuwa sun cika sun yi fam.

A Kandi muka kwana, a rumfar wata mai abinci kusa da tasha. A nan na fara cin sakwararsu da miyar gyaɗa da soyayyen cukun Fulani da suke kira wagashi. Ni 'yar gero ce, na ci loma biyar na ji kamar na haɗiyi tubali, matar kuwa tana ta ƙara mini tana cewa ban ci komai ba. A nan kuma na buɗe jaka na tarar kaset shida sun lanƙwashe don zafi. Saura huɗu, ɗaya ma mai gashin baki ya ci kusan rabinsa.

A Paraku gidan Madam Bona na sauka, abokiyar malamar tamu, ita ce shugabar ma'aikatan jinya a ɗakin 'yan fiɗa. Doguwar mace ce 'yar Bargu, ba ta da yawan dariya. Da ni Faransanci take yi, da majinyata kuma Bargunci ko Dendanci ko Hausar kasuwa, wadda mace da namiji duk "kai" ne a cikinta. Kowace safiya muna hawan babur ɗin haya, zemijan suke cewa, ita ta zauna daram, ni kuwa ina riƙe da rigar direba ina karanta duk addu'ar da na sani.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shirun ɗakin. A Maraɗi in muna wankin ciwo har bakin ƙofar asibiti ana jin "wayyo Allah". A nan sai in ga an ɓare wa mutum bandeji ya manne da nama, gumi na zuba, bai ce uffan ba. Madam Bona ta ce a wurinsu kuka da ciwo abin kunya ne har ga mace mai naƙuda, shi ya sa ba ta tambayar mutum ko yana jin zafi, yatsun ƙafarsa take kallo. Sauran kuwa duk irin namu ne: 'yan jinya da murhunansu a tsakar asibiti, su ne wanki, su ne ɗauke fo, su ne juya mara lafiya.

Binciken bai zo da sauƙi ba. Maza suna ganin rikoda sai su gyara zama su ce sun gode Allah sun gode likita, shi ke nan. Wani tsoho da aka yi wa aikin ƙaba ya yi mini wa'azi har kaset ya ƙare. Dole in saurara, in kwashe a takarda, in goge, in sake ɗauka a kai, saboda huɗun nan su ne dukiyata. Kasuwar Arzeke tana nan kusa, na je na sayi atamfa har biyu, na wuce masu kaset a tule ban saya ba. Kullum sai in ce gobe.

A gado na ƙarshe, jikin taga, akwai Malam Salifu, Bahaushen Jugu mai fataucin shanu. Wani bijimi ne ya matse masa ƙafa a jikin mota ana lodi. Aka kai shi wurin mai ɗori, ƙafa ta ruɓe, aka kawo shi asibiti ba ya gane kowa, aka yanke ta sama da gwiwa. Na tarar da shi kwana goma sha biyu da aikin. Da na kunna masa rikoda bai yi mini wa'azi ba, bai kuma gode wa kowa ba.

"Malama, ƙafata ta riga ni shiga kabari," in ji shi. "Yayana ya ce kada a taɓa ta, gara a mai da ni gida in mutu da jikina cikakke. Ya tafi ɗauko motarsa, kafin ya dawo an gama. Sun ce likita ne ya yanke hukunci. To, wa zai yi shari'a da likita?"

Na tambaye shi shi fa, me yake so a lokacin. Ya ce a lokacin ba shi da so. Ya juya yana kallon matarsa da ke fifita masa kunu a bakin ƙofa.

Sunanta Abibatu, 'ya'yansu huɗu suna Jugu wurin kakarsu. Siririya ce, ba ta ɗaga ido, amma a ɗakin nan kaf babu gadon da ya kai nasu tsabta. Ta koyi naɗa bandeji ta hanyar kallon Madam Bona kawai. Kwana uku ina binta tana ce mini, "Ni me na sani, Madam? Ki tambayi maigida." A na huɗu, da hantsi, na same ta bayan ɗakin wanki tana shanya zannuwa, ba kowa. Na kunna rikoda, na fara da abin da aka koya mana: na faɗi sunana, na ce mata babu mahaluƙin da zai ji wannan magana sai ni, ba kuma zan rubuta sunanta ba. Ta ce in rantse. Na rantse.

Sai ta zauna a kan bokiti ta yi magana kamar an buɗe famfo.

"Ni na sa hannu," ta ce. "Yaya Alhaji ya tafi, likita ya ce in aka kai gobe gawa za a ɗauka, kuma ba zai taɓa shi ba sai wani nasa ya yarda. Ba kowa sai ni. Na dubi maigida, ƙudaje sun fi mutane yawa a kansa. Na ce a kawo takardar, na dangwala. Madam, a gidansu mace ba ta yanke ko farashin akuya, bare ƙafar namiji. In Yaya Alhaji ya ji, na gama zama. Amma ni gara in yi ta ɗaukarsa a baya har in mutu da in riƙa kai wa 'ya'yana labarinsa."

Ta faɗi abubuwan da ban taɓa ji daga bakin matar majinyaci ba: yadda warin ya hana ta cin nama, yadda take jin kunyar kanta don ranar da aka yanke ta yi barci mai daɗi. Da ta gama ta ce ta ji kamar an sauke mata tulu daga ka. Ni kuwa, Allah ya gani, abin da ke raina shi ne na samu zuciyar kundina. Da yamma na tambayi Madam Bona yadda aka yi dangi suka ɗora abin a kan likita, ta ce ita ce ta ce wa dangin hukuncin likita ne. "Sun zage ni, sun zagi asibiti, sun tafi. Zagi ba ya hana ni cin sakwara. Ita kuwa zai hana ta gida."

Ana jibi zan tafi Jugu Malam Salifu ya kira ni. Ya ce tunda ina da na'ura, in ɗauki muryarsa in kai wa mahaifiyarsa da yayansa. Haka suke yi a can, kamar yadda 'yan cirani suke yi a wurinmu: maimakon wasiƙa sai a aika kaset. Ba zan iya ce wa mutum mai ƙafa ɗaya a'a ba. Na duba kasusuwana, uku cike suke da hirar da ban kwashe ba, na huɗun shi ne na Abibatu, bayansa babu komai. Na ce ai ni zan kunna da hannuna, su ji, in mayar jaka. Na juya shi, ya gaishe da Inna, ya gaishe da yara ɗaya bayan ɗaya, ya ce a sayar da jan sa kafin ya rame. Abibatu tana waje tana dahuwa, ba ta san a kan wane kaset ake yi ba.

Hanyar Jugu jar ƙasa ce mai kwazazzabai, na isa da azahar kamar an tono ni. Garin ya shiga raina nan take. Tsohon zangon fatake ne, masallaci a kowace kusurwa, ƙamshin goro a kasuwa, Hausarsu kuma gauraye da Dendanci da Faransanci, har sai na kasa kunne. Ina ambaton gidan Alhaji Mamudu, yayan Malam Salifu, mutum uku suka tashi raka ni.

Alhaji Mamudu dattijo ne mai faɗin kafaɗa, yana zaune a zaure da mutanensa ana kwance huhun goro. Ya karɓe ni da mutunci ƙwarai. Da na ce na zo da muryar ƙanensa, sai ya miƙo hannu biyu. Na ce bari in kunna a tawa rikodar.

"Haba Malama," ya ce, "kin sha hanya, kuma ki yi mana aiki? Muna da rediyo a gidan nan. Saƙo in ya iso ƙofa ya zama na mai gida. Ku shiga da ita wurin Inna ta sha ruwa."

A nan ne ya kamata in zama marar kunya. In ce a'a, in ce dokar aiki ce, in ce komai. Amma ga dattawa sun zuba mini ido, ga hannun mutum a miƙe, ni kuma 'yar mutunci ce, an yi mini tarbiyya. Na ba shi. Na ce, "Gefen nan kaɗai ne, Alhaji, ɗayan na aiki ne." Ya ce to, to, yana magana da wani.

Aka kai ni cikin gida. Inna, tsohuwa mai raunin ido, ta riƙe hannuna tana tambayar ɗanta, yaran Abibatu suka kewaye ni. Aka ajiye mini wasa-wasa, wani abinci na garin doya mai kama da dambu, da naman da ya ishi mutum uku. Daga zaure muna jiyo muryar Malam Salifu, an ƙure ƙara don mata su ji. Inna tana amsa kowace gaisuwa kamar yana gabanta. Muryar ta ƙare. Na ajiye cokali zan tashi, Inna ta danne mini gwiwa.

"Zauna ki ci. Yanzu za su juya mu ji uwar yaran. Ai miji gefe ɗaya, mata gefe ɗaya, haka ake aikowa."

Kafin in kai tsakar gida na ji muryata. Tawa, ba ta kowa ba, tana fita daga zauren mutane da ƙarfi, tana cewa babu mahaluƙin da zai ji wannan magana sai ni. Na ji Abibatu ta ce in rantse, na ji na rantse. Na isa ƙofar zaure ba takalmi, ina cewa a kashe, a kashe. Alhaji Mamudu ya ɗaga mini hannu ɗaya kawai, bai ko dube ni ba. Mace baƙuwa ba ta tsallake dattawa bakwai ta fizge rediyo. Na tsaya a nan aka ji komai, har zancen barcin.

Da ya ƙare, ya cire kaset ɗin ya miƙo mini da hannu biyu kamar yadda ya karɓa. Na fara bayani: da ba ta yi haka ba da ƙanensa ya mutu, ni ma'aikaciya ce, na san abin da nake faɗa. Ya ce, "Malama, rai na Allah ne. Ki koma ki ƙarasa abincinki." Ba wanda ya ɗaga mini murya a gidan nan. Suka ba ni ɗaki, suka ba ni ruwan wanka mai ɗumi, da safe Inna ta aiko mini da goro. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na yi niyyar in riga Alhaji isa Paraku, ko ba komai Abibatu ta ji daga bakina. Amma shi da motarsa ya tafi bayan asuba, ni kuwa na zauna a tasha har rana ta take ana jiran fasinja biyu. A hanya taya ta fashe, ta sauyin ma ba iska. Majinyatan da na je Jugu dominsu ko ɗaya ban gani ba. Na shiga asibiti bayan la'asar.

Tabarmarta ba ta nan. A wurin akwai wata ƙanwar Alhaji da ya zo da ita, tana zaune nesa da gadon ta toshe hanci da mayafi. Madam Bona ta tare ni a baranda. Ta ce an sa Abibatu a mota tun kafin azahar, an mai da ita wurin danginta a wani ƙauye wajen Seru, sai abin da hali ya yi, yara kuma suna gidan uba. Ba saki ba ne, in ji su. Ta ce Abibatu ba ta yi gardama ba, ta dai tsaya ta nuna wa ƙanwar yadda ake juya Malam Salifu.

"Ta ambace ni?" na tambaya.

"Ta tambaya ko kin sauka lafiya." Madam Bona ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ni na riƙe maganar nan kwana ashirin, ba ni da na'ura, ba ni da takardar makaranta. Ke kwana nawa?"

Na wuce wurin Malam Salifu na durƙusa gefen gadon, na ce ya yafe mini, na ce kuma don Allah kada ya riƙe ta a zuciya, ceton ransa ta yi.

"Malama, kina tsammani yau na sani?" ya ce. "Ranar da na farfaɗo, ita ta ba ni kunu. Na ga shuɗin tawada a babban yatsanta, ta goge ta goge bai fita ba. Abibatu ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, me zai kai tawada hannunta? Na sha kununa na yi shiru. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Muddin ba a faɗa ba, ban sani ba, Yaya ba shi da abin da zai ce in yi. Yanzu an faɗa a zaure gaban mutane. Ni kuma daga yau a hannunsa zan ci, a bayansa zan shiga gida. Ya ce ta tafi, na buɗe baki, na tuna ko bayan gida ba na iya zuwa da kaina."

Na ce zan je Seru in same ta, zan koma wurin Alhaji, zan yi duk abin da ya ce.

"Kin yi mai yawa," ya ce, ba da faɗa ba. Ya yi ƙoƙarin gyara kwanciya ya kasa, ƙanwar tasu ba ta motsa ba. Na miƙa hannu zan taimake shi, ya girgiza kai.

"Bari. Ita ta san inda ake kamawa."